Harawa, kara, Nafiya ko sailej: wanne za ka tara wa saniyar tatsa?

Duk shekara da an fara cire gyaɗa tambayar nan take dawowa, musamman wajen waɗanda suka shigo kiwon shanun tatsa kwanan nan, mutum ya sayi ruwa-biyu guda uku ko huɗu, irin Firishiyan ɗin nan da aka barbara da Bunaji, an ce masa kowacce za ta ba shi lita 10 a rana, damina ta yi kyau nono ya zuba, sai Janairu ta shigo ya ga bokiti ya koma rabi. Daga nan sai shawarwari su yi masa yawa. Wannan ya ce ka tara harawa, wancan ya ce harawa tsohon yayi ce ka shuka ciyawar Nafiya, wani ya dawo daga wani horo ya ce in ba sailej ba, wato datsattsiyar ɗanyar masara da ake rufewa a rami ta yi tsami, to wasa kake. Kuɗin kuma ba zai isa a yi duka ba.

Ni dai abin da na gani a 'yan shekarun da na yi ina fama da shanu shi ne babu ɗaya daga cikinsu da zai riƙe saniya mai shayarwa shi kaɗai. Haɗi ake yi, kuma zaɓin naka shi ne wanne zai zama tuwon, wanne zai zama miyar. Amma kafin mu bi su ɗaya bayan ɗaya bari in faɗi ma'aunin da nake auna su da shi.

Na farko furotin, wato sinadarin gina jiki, shi ne wanda nono ya fi ja. Ƙananan halittun da ke cikin tumbin saniya su ne ke narka mata ciyawa, kuma su kansu in furotin ɗin abincin ya gaza kashi 7 cikin 100 aikinsu sanyi yake yi, sai ka ga saniya ciki ya cika tim amma tana ramewa. Wadda ake tatsa kuwa tana son jimillar abincinta ya kai kashi 12 zuwa 16, gwargwadon nonon da take bayarwa. Na biyu ƙarfi, abin da ke ba ta kuzari, wanda ke cikin sitaci da suga da ganye mai laushi. Na uku tuƙa. Dole a samu abu mai ɗan tsawo da tauri da zai sa ta kwanta tana tuƙa, domin yawun da take haɗiya shi ke kashe tsamin tumbi, kuma daga nan man nono yake fitowa.

Sai ruwan da ke cikin abincin, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa wajen lissafi. Saniya tana cin kamar kashi 3 cikin 100 na nauyinta a busasshen abinci kullum. Mai nauyin kilo 400 kenan kilo 12. To ɗanyar ciyawa kashi 80 ko fiye ruwa ce, kilo 50 na ɗanyar Nafiya bai wuce kilo 9 zuwa 10 ba in an cire ruwan, ita kuwa harawa kilo 10 kusan kilo 9 ne abinci zalla. In za ka kwatanta farashi ka kwatanta a kan haka, kar girman dami ya ruɗe ka. Ragowar ma'aunin kowa ya san su: kuɗi, daɗewa a ajiye, wahalar aiki, da haɗarin da ke ciki.

Harawar gyaɗa da ta wake

Da ita zan fara don ita ce muka gada kuma har yanzu ban ga abin da ya kai ta sauƙin sha'ani ba. Furotin ɗinta yana kaiwa kashi 10 zuwa 15 a ta gyaɗa, ta wake mai ganye sosai takan ɗara haka, ga sinadarin kalsiyam wanda mai shayarwa ke zubarwa cikin nono kullum. Shanu na son ta, ba sai ka koya masu ba, ba inji ba leda ba rami.

Sai dai harawa suna ce kawai, abin da ke cikin buhun shi ne magana. Amfanin yana cikin ganye. Harawar da aka bari a gona rana ta dake ta kwana da kwanaki, aka jawo ta a ƙasa, aka loda aka sauke, ganyen ya kakkaɓe saura jijiya da sanda, wannan da kara kaɗan ne bambancinsu amma za a sayar maka da kuɗin harawa. In ka je saye ka zura hannu har tsakiyar buhun ka damƙo, ka duba launi, kore-kore ake so, ka shinshina, ka kuma girgiza ka ga yawan ƙasar da za ta zubo, don ta gyaɗa tana zuwa da ƙasa a saiwa kuma wasu ba sa damuwa su kakkaɓe tunda nauyi take ƙarawa. Na taɓa sayen buhu goma sha biyu wajen wani mutum a bakin hanya, saman kowane buhu ganye shar, da muka zazzage rabin na ƙasa baƙi ne ruwan ƙarshen damina ya taɓa shi ya yi fumfuna, haka na kwashe na zuba a bola aka yi taki da shi. Kuma gara asarar, domin gyaɗa da duk abin da ya fito daga gare ta in ya yi fumfuna yana iya ɗaukar gubar afulatokzin, ita kuma gubar nan tana ratsawa ta fito a cikin nono, yaranka ne za su sha.

Tsakanin biyun, ta wake ta fi laushi kuma shanu sun fi rububinta, amma ganyenta ya fi saurin zubewa kuma ta fi tsada a yawancin kasuwanni. Masu noma da kansu sun san wake irin Kanannado mai yaɗo ya fi ba da harawa a kan irin zamani mai tsayuwa da ke nuna da wuri. Ta gyaɗa ta fi jure ajiya da ɗauka.

Kuɗi shi ne ciwonta. A Oktoba da Nuwamba tana da dama-dama, daga Maris zuwa saukar ruwa sai ta zama zinariya, kuma ba da masu shanu kaɗai kake takara ba, masu turkar raguna ne ke sa farashi. A 2024 da 2025 Babbar Sallah ta faɗo daidai ƙarshen bazara, duk a watan Yuni aka yi, wato lokacin da harawa ta fi ƙaranci shi ne lokacin da kowane mai rago ke nemanta ido rufe. Wanda zai dogara da harawa ya saya a kaka ko ya haƙura. Lissafin ba wuya: kilo 4 a rana, kwana 180, kilo 720 kenan kowace saniya. Ajiya kuma a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, a inuwa. Ɗora ta a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya kamar yadda aka saba yana hana awaki da gara, amma rana tana cinye koren, saman ya koma fari fat.

Karan dawa, na masara, da na shinkafa

Wannan shi ne mafi araha, wani wurin ma kuɗin ɗauko shi kawai za ka biya, ko da yake yanzu manoma sun waye ba kowa ke bari a kwashe ba. Furotin ɗinsa kashi 3 zuwa 6 ne, ƙasa da abin da tumbi ke buƙata don ya yi aiki ma. Saboda haka kara shi kaɗai ba ya kawo nono, cika ciki ne da tuƙa. Amma kar a raina shi, cikon cikin nan dole ne, kuma da zarar ka haɗa shi da harawa ko kek ɗin angurya sai saniya ta fara cin moriyarsa, har yawan abin da take ci ya ƙaru.

Abu biyu ke gyara shi. A kwashe shi da wuri bayan girbi tun karmamin na jiki da ɗan kore, a jingine a inuwa. Sannan a daddatsa shi gajeru kamar tsawon yatsa. In ka watsa masu shi dogo za su zaɓe ganyen su tattake sauran, kusan rabi ya tafi a banza. Injin datsa kara yana cikin abubuwan da ban yi da-na-sanin saye ba, kafin shi da adda muke yi a kan kututture, yaro ya yi awa biyu bai cika komi biyu ba.

Karan shinkafa ya cika wuraren noman rani irin su Kura da Kadawa da kwarin Haɗeja da Kebbi, har ƙona shi ake yi. Shi ne mafi rauni a cikinsu, ga tauri. Akwai dabarar jiƙa shi da takin yuriya: kilo 4 na yuriya a narka a ruwa lita 100, a yayyafa wa kara kilo 100, a danne a rufe da leda ruf na sati 3, in an buɗe a bar wanda za a ba su ya sha iska warin ya fita. Yana laushi, furotin ɗin ya kusa ninkawa. Amma a auna da sikeli, ba da ido ba, kuma kar a bar ruwan yuriyar ko buhunta inda dabba za ta kai baki, yuriya tsagwaronta tana kashe saniya cikin ɗan lokaci. Maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba kar a ba shi.

Wani haɗarin da Fulani suka sani tun kaka da kakanni shi ne gyauron dawa, sabon tohon da ke fitowa bayan an yanke ko bayan fari ya dake ta. Yana ɗauke da guba mai kashewa nan take, musamman in bai wuce gwiwa ba. Busasshen kara ba shi da wannan matsalar.

Ciyawar Nafiya

Wasu na ce mata ciyawar giwa. A Kenya ita ce ƙashin bayan masu shanu biyu-uku da ke ɗaure a gida, kuma yanzu ana ta tallar wani iri da ya fito daga Tailan mai suna Pakchong, wanda ake kira Sufa Nafiya. Ba ƙarya ba ne tana ba da ganye mai yawan gaske, ban san ciyawar da ta kai ta cika amalanke a ƙaramin fili ba. Da kara ake dasa ta kamar rake, gaɓa uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, kuma in ta kama za ka yi shekaru kana yanka.

Abin da masu tallar ba sa faɗa da ƙarfi shi ne ruwa da taki. Kenya ta tsaunuka damina biyu gare su, mu a Kano ko Katsina ko Maraɗi wata bakwai zuwa takwas ba ɗigon ruwa. In ba ka da fadama ko rijiyar burtsatse, Nafiya za ta ba ka ganye a lokacin da ciyawa ke ko'ina kyauta, ta tsaya cak a lokacin da kake nemanta. Kuma mayunwaciya ce, duk yanka sai ka mayar mata da kashin shanu, in ba haka ba shekara ta biyu za ka ga ta sirance. Don haka kuɗinta ba na irin ba ne, na fetur ko sola ne da na mai yanka.

Lokacin yanka shi ne komai. Sati 6 zuwa 8, tsawonta kamar ƙugu zuwa ƙirji, a nan furotin yana kashi 8 zuwa 12. Mutum sai ya bar ta ta fi shi tsawo don ya ɗauki hoto, a lokacin ta zama kara mai kore kawai. In kuma ka yanka ta ƙarama sosai ruwa ne zalla, za ka ga shanu na zawo, ciki ya cika da ruwa kafin su ci abin da zai ishe su. Ni nakan yanka da safe in baza ta ta ɗan yi yaushi, da yamma a datsa a ba su. Gashin ganyenta na sa ƙaiƙayi, mai yanka ya sa riga mai dogon hannu. Ba ta busuwa da kyau saboda kaurin karanta, don haka ba a ingirici da ita, sai dai sailej, shi ma sai an bar ta ta yi yaushi an ƙara mata dusar masara ko ruwan rake mai kauri don sugarta kaɗan ce.

Sailej ɗin masara

Nan ne gardama take. Sailej shi ne a yanke masara ɗungurungum da goyonta lokacin da ƙwayar ta wuce ruwa-ruwa ta fara tauri, in ka matsa da farce ta yi kamar ƙullu, a daddatsa ƙanana kamar santimita 1 zuwa 2, a zuba a rami ko a manyan ledoji ko durom, a tattake iska ta fita, a rufe. Bayan sati 3 ya yi, in ka bar shi sati 6 ya fi. Tsami yake yi irin na kirki, kamar yadda nono ke zama kindirmo, tsamin nan ne ke hana shi ruɓa, kuma in ba a buɗe ba zai shekara lafiya lau.

Wajen ƙarfi babu na biyunsa a cikin duk waɗanda na lissafa, saboda ƙwayar masarar na ciki. Saniyar da ke kan sailej a watan Afrilu jikinta ma daban yake, kuma za ka rage sayen dusa. Amma furotin ɗinsa kashi 7 zuwa 9 ne kacal, kalsiyam ma kaɗan, don haka wanda ya ce maka in ka yi sailej ka gama ya yaudare ka, sai da harawa ko lablab, wato waken dabbobi, ko kek a gefe.

Tsadarsa iri biyu ce. Akwai ta fili: inji, leda mai kauri, ma'aikata da yawa a rana ɗaya don ramin ana so a cika shi a rufe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Akwai kuma ta ɓoye, wato buhunan masarar da ka sadaukar. Ranar da na fara yanka wani dattijo maƙwabcin gonata ya tsaya ya daɗe yana kallo, can ya ce "Alhaji lafiya kuwa? Abincin mutane za ka bai wa shanu?" kuma gaskiya tambayarsa tana kan hanya, shekarar da masara ta yi tsada sai ka zauna da biro ka ga ko nonon zai biya. In saniyarka lita 2 take bayarwa ba zai biya ba, ko kusa.

Haɗarinsa ɗaya ne, iska. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɓera ya huda leda ko kaza ta tona gefe, wurin ya yi fumfuna ya yi baƙi. Ramina na farko kusan kamu guda na sama duk zubarwa muka yi don ba mu tattake gefe-gefen da kyau ba kuma masarar ta ɗan bushe. Gwajin da ake yi kafin a zuba: ka damƙi datsattsen a hannu ka matse, in ruwa ya ɗiga ya yi ɗanye, in ka buɗe hannu ya watse nan take ya bushe da yawa, in ya dunƙule sannan ya buɗe a hankali to daidai ne. Mai kyau launinsa kore mai ɗorawa, ƙamshinsa tsami-tsami mai daɗi. Mai wari kamar ruɓaɓɓen abu kar ka ba su.

Sannan in ka buɗe rami dole kullum ka ci gaba da ɗiba akalla taƙi guda daga fuskar, don zafinmu ba ya jira. Shi ya sa babban rami bai dace da mai shanu biyu ba, kafin su cinye gaba baya ya lalace, shi durom ko leda ya kamata ya yi. Saniya ɗaya a kilo 18 kullum na kwana 180 tana son tan 3 da ɗoriya. A ba su bayan an gama tatsa, don nono na ɗaukar wari.

Lablab, gamba, kyasuwa da sauransu

Lablab wake ne na dabbobi, cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana yaɗa shi. Kamar ka noma harawarka ne da kanka: ka shuka shi a tsakanin masara ko dawa bayan sun tasa, yana jure fari, yana nan kore bayan ruwa ya ɗauke, furotin kashi 13 zuwa 17 in an yanka da ya fara fure, ya kuma gyara maka ƙasa. Matsalarsa samun iri mai kyau, da tsaron gonar, don a Nuwamba shi kaɗai ne kore a dajin kuma kowace dabba ta gan shi. Ɗanyensa kar a saki mayunwatan shanu a kai da sassafe da raɓa, yana iya kumbura ciki, haka ma ɗanyen ganyen wake.

Gamba da kyasuwa kuwa lokaci ne. In an yanka kafin su fitar da kai, wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, aka samu rana ta busar, ingirici ne mai kyau da ya fi kara nesa. Wahalar ita ce lokacin ruwa bai ɗauke ba kuma kowa na gona. Wadda aka yanko a Disamba ta yi fari, furotin ɗinta ya faɗo kashi 2 zuwa 3, sai dai shimfiɗa. Mutanen bakin kogin Kwara ta wajen Yamai da Gaya suna da ciyawar ruwa da ake kira burgu, wannan ni'ima ce tasu. In kuma kana da gawo a gona ka sa yara su tsinto 'ya'yan, ƙari ne mai kyau a rani.

| Abinci | Furotin cikin 100 | Ƙarfi | Kuɗi | Ajiya | Wahala | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Harawar gyaɗa ko wake | 10 zuwa 15, ta wake kan ɗara | matsakaici | dama-dama a kaka, tsada a bazara | watanni, a inuwa | kaɗan | fumfuna, ƙasa, zubar ganye |
| Kara | 3 zuwa 6 | kaɗan | mafi araha | watanni | datsawa | gara, gyauro |
| Nafiya | 8 zuwa 12 | matsakaici | ruwa da taki | ba ta ajiyuwa ɗanya | yanka kullum | tsufa, zawo in ta yi ƙarama |
| Sailej ɗin masara | 7 zuwa 9 | mai yawa | tsada a farko | shekara in ba a buɗe ba | mai yawa, lokaci ɗaya | iska, fumfuna |
| Lablab | 13 zuwa 17 | matsakaici | iri da noma | watanni | matsakaiciya | kumburin ciki, ɓarnar dabbobi |
| Ingiricin gamba ko kyasuwa | 6 zuwa 8 in an yanka da wuri | kaɗan zuwa matsakaici | kuɗin yanka | watanni | busarwa cikin damina | ruɓa, gobara |

Kafin in ce wa ya ɗauki me, akwai kuskuren da ya fi duk waɗannan yawa, wato a rasa ciyawa sai a cike gurbin da dusa. Nono ya ragu a ƙara dusa, ya ƙara raguwa a ƙara dusa. Kwana biyu zai ɗan tashi, daga nan tumbi ya yi tsami, saniya ta rage tuƙa, kashinta ya yi ruwa da kumfa, yau ta ci gobe ta ƙi, wata ma ta fara ɗingishi, mai kaɗa man shanu ita za ta fara gaya maka nonon ya tsinke ba mai. Ciyawa da harawa da kara kar su gaza rabin busasshen abincinta. Dusa da kek kuma kamar kilo 1 kan kowace lita 2 zuwa 2 da rabi, a raba safe da yamma. In ka leƙa garke da rana tsaka ka ga fiye da rabin waɗanda ke kwance suna tuƙa, to haɗinka na tafiya daidai. Duk canjin abinci a yi shi a hankali cikin sati ɗaya zuwa biyu. Ruwan sha kuma kar a yi masa rowa, nono kashi 87 cikin 100 ruwa ne, ruwa-biyu a zafin Afrilu tana iya shan lita 60 zuwa 80 ko fiye. Gishirin lasa ya zauna a komi.

To yanzu wa ya dace da me.

In Bunaji ko Bokolo ko Rahaji gare ka, biyu zuwa biyar, nonon na gida ne da ɗan na fura, kar ka wahalar da kanka da rami. Datsattsen kara, harawa kilo 2 zuwa 3 ga wadda ake tatsa kaɗai, ɗan dusa, shikenan. Shanun da ba a tatsa da bijimai su ci kara, harawar ta masu jego ce.

In ruwa-biyu ne a cikin gari ko gefen gari, ba gona, komai saye kake: ga mai nauyin kilo 400, kara kilo 4, harawa kilo 4, dusar alkama kilo 3, kek ɗin angurya kilo 1 da rabi, zai riƙe maka wajen lita 8. Duk dabararka ta tafi wajen sayen kaka da wurin ajiya, in ka samu mai sayar da sailej a leda ka buɗe ɗaya ka shinshina kafin ka biya.

In kana da fadama ko burtsatse, Nafiya ce tuwonka: ɗanya kilo 25, harawa ko lablab kilo 3, dusa kilo 3, kek kilo 1 da rabi, wannan ya isa lita 10. Ka raba filin gida shida zuwa takwas kana yanka ɗaya duk sati, kafin ka zagayo na farko ya isa yanka.

In shanun sun kai goma ko fiye, masu ba da lita 10 zuwa sama, kana da gona amma ba ruwan rani, kuma akwai mai karɓar nonon kullum, sailej ne zai fitar da kai: kilo 18, lablab ko harawa kilo 3, dusa kilo 2, kek kilo 1 da rabi. Ka ware wani yanki na gonar ka sa lablab tun yanzu don kar ka koma layin masu raguna a watan Mayu. Shekarar farko ka fara da durom biyar ko ƙaramin rami ka koyi hannu.

Wadda ta haihu cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce ita za a fara zuba wa mafi kyawun harawar da ke rumbu, don a lokacin nononta ke kan ganiya alhali cin abincinta bai gama dawowa ba, in ta zube a nan za ta jima ba ta nemi bijimi ba. Wadda ta kusa ƙafewa ta haƙura da na ƙasan buhu.